Edgar Codd: Mutumin da ya koya wa kwamfuta amsa tambaya

A ranar Alhamis, ranar da kasuwar Shinkafi ke ci, ɗan kasuwar da ya sayar da buhunan gero ko na wake kan tsaya a gaban mai POS domin ya tabbatar cewa kuɗinsa sun shiga asusu. Cikin 'yan daƙiƙoƙi amsa kan zo masa.

Abin da ya wakana a ɗan wannan lokaci shi ne, an aika da tambaya zuwa wani rumbun bayanai na banki da ke can nesa, shi kuma rumbun ya lalubo amsar daga cikin miliyoyin bayanai.

Tsarin da akasarin irin waɗannan rumbuna ke aiki da shi ya samo asali ne daga wata maƙala mai shafi 11, wadda wani masanin lissafi ɗan asalin Birtaniya, Edgar Frank Codd, ya wallafa a shekarar 1970.

Marigayi Codd, wanda ya rasu a 2003, ya shafe shekaru masu yawa yana jayayya da abokan aikinsa, da ma kamfanin da ke biyansa albashi, a kan magana guda ɗaya. Maganar kuwa ita ce, mai neman bayani a cikin kwamfuta ya faɗi abin da yake so kawai, ya bar wa na'urar aikin gano inda bayanin yake.

A ƙarshe ya yi galaba a jayayyar. To amma fiye da shekaru 50 bayan fitar maƙalar, kamfanoni da hukumomi a sassa daban-daban na duniya ba su gama ƙaura daga tsohuwar hanyar da ya soka ba.

Daga tsibirin Portland zuwa New York

An haifi Edgar Codd ne a ranar 19 ga watan Agustan 1923 a garin Fortuneswell da ke tsibirin Portland, a kudancin Ingila. Shi ne auta a cikin 'ya'ya bakwai. Mahaifinsa yana harkar sarrafa fatu, mahaifiyarsa kuma malamar makaranta ce.

Ya yi karatun sakandare a garin Poole, daga nan ya samu gurbi a Jami'ar Oxford inda ya karanta lissafi da ilimin haɗa sinadarai.

Yaƙin Duniya na Biyu ya katse masa karatu. Ya shiga rundunar sojin saman Birtaniya a matsayin matuƙi, a sashen da ke sintiri a kan teku, inda ya tuƙa manyan jiragen nan samfurin Sunderland masu sauka a kan ruwa.

Bayan an gama yaƙi ya koma Oxford ya kammala karatunsa. A shekarar 1948 ya yi ƙaura zuwa Amurka, kuma ba da jimawa ba ya kama aiki da kamfanin IBM a birnin New York, a matsayin mai tsara wa na'ura lissafi.

Na'urar farko da ya yi aiki da ita, mai suna SSEC, ta cika wani makeken ɗaki a hedkwatar kamfanin, kuma masu wucewa a bakin titi na iya hango ta ta taga. Tana ɗauke da ƙwayayen lantarki masu kama da ƙwan fitila sama da 12,000.

A 1953 Codd ya bar Amurka ya koma birnin Ottawa na ƙasar Kanada. Abin da ya kore shi kuwa shi ne ɓacin rai game da yadda Sanata Joseph McCarthy ya riƙa zargin mutane da kwaminisanci ba tare da ƙwaƙƙwarar hujja ba, lamarin da ya raba jama'a da dama da ayyukansu.

Wannan hali na ƙin yin shiru a kan abin da yake gani ba daidai ba ne ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya dawo Amurka a 1957 ya ci gaba da aiki da IBM, inda ya taimaka wajen ƙirƙiro dabarar da ke ba kwamfuta guda damar gudanar da ayyuka da yawa a lokaci ɗaya.

Yana dab da cika shekara 40 ya sake komawa aji, a Jami'ar Michigan, inda ya samu digirin dokta a 1965. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 an mayar da shi cibiyar binciken IBM da ke San Jose a jihar California. A can ne ya ci karo da matsalar da ta sa sunansa ya shiga tarihi.

Yadda ake yi a da

Domin fahimtar matsalar, ya kamata a tuna da littafin akawu.

Tun bayan da layin dogo ya isa Kaura Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da ake lodawa zuwa kudu, kuma a cikin manyan littattafai ne akawuna ke rubuta abin da aka saya da abin da aka biya. Har gobe dillalan hatsi da dama da littafi suke aiki.

A ɗauka wani dillali a Shinkafi yana rubuta cinikinsa bisa jerin kwanaki. Idan ya tambayi yaron shagonsa abin da aka sayar ranar Alhamis da ta wuce, amsa ba ta da wuya, domin shafi ɗaya za a buɗe.

Amma idan ya ce yana son sunayen mutanen Zurmi da suka ɗauki gero bashi a cikin wata uku kuma ba su biya ba, to sai yaron ya fara daga shafin farko, ya karanta layi, ya duba ko ya dace, ya rubuta a gefe, sannan ya matsa zuwa layi na gaba, har ya kai ƙarshe.

Haka manhajojin kasuwanci na shekarun 1950 da 1960 suke aiki. Ana ajiye bayanai a kan katuna masu huji ko a kan zaren kaset, daga baya kuma a kan faifai. Mai rubuta manhaja shi ne zai umarci na'ura ta buɗe fayil, ta karanta layi guda, ta gwada shi, ta ɗauko na gaba.

Harsunan kwamfuta irin su COBOL da RPG, waɗanda duka suka bayyana a 1959, an gina su ne a kan wannan salo na karanta bayani ɗaya bayan ɗaya.

Babbar illar ita ce, dole kowace manhaja ta san ainihin yadda aka shimfiɗa fayil ɗin: a harafi na nawa suna ya fara, a na nawa ya ƙare, a ina adadin kuɗi yake. Idan kamfani ya ga dama ya ƙara gurbin lambar waya, to duk manhajojin da ke karanta wannan fayil sai an bi su an gyara, ko da ba ruwansu da lambar waya.

Kafin Codd an riga an yi yunƙurin sauƙaƙa lamarin. A farkon shekarun 1960, wani injiniya mai suna Charles Bachman na kamfanin General Electric ya ƙirƙiro tsarin da ke ɗaure bayanai da juna kamar sarƙa, ta yadda za a bi daga mai saye zuwa cinikinsa, daga ciniki zuwa kaya.

Shi ma kamfanin IBM ya fito da nasa tsarin mai suna IMS a 1968, wanda aka fara ginawa domin lissafin miliyoyin sassan kumbon Apollo da Amurka ta aika duniyar wata. Shi IMS ya jera bayanai ne kamar salsalar dangi, daga kaka zuwa ɗa zuwa jika.

Duka tsare-tsaren biyu suna da sauri, muddin tambayar ta bi hanyar da aka riga aka shata. Idan kuwa aka zo da tambayar da masu tsarin ba su hango ba, sai an sake rubuta doguwar manhaja, manajan da ke jiran amsa kuma ya yi ta jira na makonni.

Maƙalar 1970

Codd ya fara bayyana ra'ayinsa ne a wani rahoton cikin gida na IBM a 1969. A watan Yunin 1970 kuma mujallar Communications of the ACM ta buga cikakkiyar maƙalar, wadda ta yi bayani a kan yadda za a tsara manyan rumbunan bayanai da mutane da yawa ke amfani da su a tare.

Shawararsa ita ce a zuba dukkan bayanai a cikin jadawalai masu layukan kwance da na tsaye, ba tare da wata ɓoyayyiyar sarƙa a tsakaninsu ba.

A misalin dillalin Shinkafi, za a samu jadawali uku. Na farko na masu saye ne, kowa da lambarsa da sunansa da garinsu. Na biyu na kaya ne, wato gero da dawa da wake, kowanne da lambarsa. Na uku kuma na ciniki ne, inda za a rubuta rana, da lambar mai saye, da lambar kaya, da yawan buhuna, da abin da aka biya.

Lambobin nan su ne ke haɗa jadawalan, kuma a fili suke, kowa na iya ganinsu.

Idan dillali yana son sanin mutanen Zurmi da ake bi bashin gero, sai kawai a rubuta sharuɗɗan: gari Zurmi, kaya gero, biya bai cika ba. Ita na'urar ce za ta yanke shawarar jadawalin da za ta fara dubawa da hanyar da ta fi sauri, sannan ta kawo amsar gaba ɗaya a dunƙule.

Amfanin wannan shi ne, masu kula da na'ura na iya sauya yadda aka ajiye bayanan a kan faifai, ko su ƙara sabon gurbi, ba tare da tambayar ta lalace ba. Wannan raba tambaya da ma'ajiya shi ne ginshiƙin dukkan aikin Codd.

Ya kuma kafa hujjarsa a kan lissafi da ilimin manɗiƙi, ta yadda za a iya tabbatar da cewa tambayoyi biyu masu siga daban amsarsu ɗaya ce. Da wannan ne na'ura ke samun damar zaɓar hanya mafi sauƙi ba tare da ta sauya amsa ba.

A 1971 ya ƙara da ƙa'idojin tsara jadawali, waɗanda manufarsu ita ce kada a rubuta magana ɗaya a wurare da yawa. Idan mai saye ya tashi daga Zurmi ya koma Kaura Namoda, wuri ɗaya za a gyara. Inda aka rubuta garinsu a kowane layin ciniki, to wata rana za a gyara wasu a manta da wasu, littafi ya riƙa ƙaryata kansa.

Adawa daga cikin gida

Kamfanin IBM bai yi marhabin da wannan ra'ayi da hannu biyu ba. Tsarin IMS na kawo masa kuɗi masu yawa, kuma manyan abokan cinikinsa sun riga sun kashe dukiya wajen gina manhajojinsu a kansa.

Masu sukar Codd na da hujjoji biyu. Ta farko ita ce kwamfutocin wancan zamani ba su da ƙarfin da za su laluɓo hanya da kansu cikin sauri. Ta biyu kuma ita ce lissafin da ya yi amfani da shi ya fi ƙarfin akasarin masu rubuta manhaja.

Hujjojin ba na banza ba ne, domin a lokacin babu wata na'ura da ta nuna cewa tsarin zai yi aiki a kasuwa.

A 1973 aka ba Charles Bachman lambar yabo ta Turing, wadda ita ce mafi daraja a fagen kimiyyar kwamfuta. A jawabinsa na karɓar lambar, ya kwatanta mai rubuta manhaja da matuƙin jirgin ruwa da ke ratsa tekun bayanai da gwanintarsa. Wannan kuwa shi ne ainihin aikin da Codd ke son a ɗauke wa ɗan Adam.

Shekara guda bayan haka, a 1974, mutanen biyu da magoya bayansu suka yi wata shahararriyar muhawara a garin Ann Arbor na jihar Michigan. An tashi ba tare da wani ɓangare ya sallama ba.

Codd dai bai tsaya jiran shugabanninsa ba. Ya riƙa zuwa wurin abokan cinikin IBM yana yi musu bayanin tsarinsa, su kuma suka shiga tambayar kamfanin yaushe za a sayar musu da shi. Hakan bai yi wa wasu manyan kamfanin daɗi ba.

A ƙarshe IBM ya kafa wani ayarin bincike a San Jose domin gina rumbun gwaji mai suna System R, amma ba a ɗora Codd a kan aikin ba, kuma ba a yi amfani da harshen tambaya da shi ya tsara ba, mai suna Alpha.

Wasu matasa biyu a cikin ayarin, Donald Chamberlin da Raymond Boyce, su ne suka tsara nasu harshen a 1974, suka yi amfani da kalmomin Ingilishi na yau da kullum a maimakon alamomin lissafi. Daga baya Chamberlin ya bayyana cewa abin da ya ja hankalinsa shi ne ganin yadda Codd ke rubuta tambaya a layi ɗaya, alhali a tsohuwar hanya sai ta ci shafi biyar.

Boyce ya rasu a wannan shekara yana da ƙuruciyarsa. Harshen da suka tsara, wanda aka fara kira SEQUEL, shi ne aka taƙaita sunansa zuwa SQL.

A 1979 wata mai bincike a ayarin, Patricia Selinger, tare da abokan aikinta, suka wallafa dabarar da na'ura za ta riƙa auna hanyoyin amsa tambaya ta zaɓi mafi arha. Wannan ya raunana hujjar masu cewa tsarin Codd ba zai taɓa yin sauri ba.

Wasu suka riga IBM kasuwa

Yayin da IBM ke jan ƙafa, wasu na karanta maƙalolin da ma'aikatansa ke bugawa.

A Jami'ar California da ke Berkeley, Michael Stonebraker da Eugene Wong sun fara gina nasu rumbun mai suna Ingres tun 1973.

A 1977 kuma wani matashi mai suna Larry Ellison da abokansa biyu suka kafa wani ɗan ƙaramin kamfani. Shekara biyu bayan haka, a 1979, suka fitar da Oracle, suka riga IBM shiga kasuwa da rumbun da ke jin harshen SQL.

Sai a 1981 IBM ya fito da nasa na sayarwa, sannan a 1983 ya gabatar da DB2 domin manyan kwamfutocinsa. A 1986 hukumar daidaita ma'auni ta Amurka ta amince da SQL a hukumance, ta duniya kuma ta bi sahu a 1987.

Larry Ellison ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya. Shi kuwa Codd ma'aikacin albashi ne, bai mallaki wani kaso na wannan kasuwa ba. Wasu na ganin lamarin ya yi kama da abin da Hausawa ke cewa kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai ta fuskar girmamawa bai tashi a tutar babu ba. A 1976 IBM ya ba shi matsayi mafi girma da yake ba masu bincikensa, a 1981 kuma shi ma ya karɓi lambar yabo ta Turing, shekara takwas bayan abokin muhawararsa.

Ƙa'idoji 12

Codd ya bar IBM a 1984 bayan wani mummunan rauni da ya ji sakamakon faɗuwa. Daga nan ya kafa kamfanin ba da shawara tare da abokin aikinsa Chris Date da kuma Sharon Weinberg, wadda ya aura daga bisani.

A wannan lokaci kasuwa ta juya. Kowane kamfani na iƙirarin cewa rumbunsa na bin tsarin Codd, har da waɗanda suka yi wa tsohon kayansu fenti kawai.

Domin tona asirin irin waɗannan, a 1985 ya wallafa wasu ƙa'idoji a mujallar Computerworld, waɗanda aka fi sani da ƙa'idoji 12, ko da yake 13 ne, domin daga sifiri ya fara ƙirgawa.

Ɗaya daga cikinsu ta buƙaci a iya ƙarawa, ko gyarawa, ko goge tarin layuka da umarni guda. Ta ƙarshe kuma ta yi magana kai tsaye a kan tsohuwar hanya: idan rumbu ya bar ƙofar karanta bayani ɗaya bayan ɗaya a buɗe, to kada a iya bin ta wannan ƙofa a karya dokokin da ke tsare ingancin bayanai.

Kusan babu rumbun da ya cika dukkan sharuɗɗan, har da na IBM. Shi kansa SQL bai tsira daga sukarsa ba, domin yana barin layi biyu masu kama da juna sak su zauna a jadawali ɗaya, abin da lissafin Codd bai yarda da shi ba. A 1990 ya wallafa littafi guda domin fayyace tsarin kamar yadda yake nufinsa.

Ƙaurar da ba ta ƙare ba

Ko da yake sababbin manhajoji sun rungumi SQL, tsofaffin ba su gushe ba. Bankuna, da kamfanonin inshora, da masana'antu, da ofisoshin gwamnati na ci gaba da dogaro da manhajojin COBOL da RPG da aka rubuta shekaru 30 ko 40 da suka wuce.

Misali, na'urar AS/400 da IBM ya fitar a 1988, wadda tsarinta ke ci gaba da aiki da sunan IBM i, tana ba da damar a karanta bayani guda ta hanyoyin biyu. Saboda haka kamfanoni da yawa suka ci gaba da tsohon salo, tun da babu abin da ya tilasta musu sauyawa.

Masu aikin ƙaurar kan bi ta mataki-mataki. Da farko a sake fasalin fayiloli su zama jadawalai, a bar wa tsofaffin manhajoji wata taga da za su riƙa ganin bayanan a sigar da suka saba. Daga nan sai a riƙa ɗaukar manhajojin ɗaya bayan ɗaya ana maye gurbin dogon zagayen karatu da tambaya guda, ana gwada sakamakon sabuwa da na tsohuwa.

A nan ne ake gano dattin da ya daɗe a kwance. Tsohon fayil na iya karɓar ranar 30 ga watan Fabrairu, ko harafi a gurbin kuɗi, ko cinikin mai sayen da aka riga aka goge sunansa. Sabon jadawali kuwa tun a bakin ƙofa yake ƙin karɓar irin wannan.

Wata matsalar ita ce, dokokin kasuwancin kamfani, kamar yadda ake lissafa ragi ko tara, galibi a cikin tsohuwar manhajar kaɗai suke rubuce, waɗanda suka rubuta ta kuma sun yi ritaya ko sun rasu. A watan Afrilun 2020, lokacin annobar korona, sai da gwamnan jihar New Jersey a Amurka ya fito yana neman masu jin COBOL, bayan da masu neman tallafin rashin aiki suka yi wa tsohuwar manhajar jihar yawa.

Akwai kuma masu yin gyaran gangar Auzinawa, wato su ɗauki tsohon zagayen su sa tambayar SQL guda a kan kowane layi. Sakamakon shi ne aikin ya fi na da nawa, domin an sauya harshe amma ba a sauya tunani ba.

Haka kuma masana sun yarda cewa idan layi guda ake nema, kuma an san lambarsa, tsohuwar hanya na da sauri ƙwarai. Ta wannan fuska Bachman ma yana da tasa gaskiyar.

Duk wata ƙaura daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa, ko wace iri ce, tana tattare da haɗari. A watan Afrilun 2018 bankin TSB na Birtaniya ya kwashe bayanan abokan hulɗarsa zuwa sabon tsari, aka samu tangarɗar da ta hana mutane kusan miliyan biyu shiga asusunsu yadda ya kamata. A 2022 hukumomin ƙasar suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48.

Najeriya ma ta ɗanɗana. Lokacin da Babban Bankin ƙasar a ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25, adadinsu ya ragu daga 89 zuwa 25 a ƙarshen 2005, kuma sai da bankunan da suka haɗe suka zuba bayanan abokan hulɗarsu a rumbu ɗaya.

A watannin Satumba da Oktoban 2024 kuma wasu manyan bankunan ƙasar sun sauya manhajar da ke riƙe da asusun jama'a, abokan hulɗa suka yi kwanaki suna kokawa da kuɗin da suka maƙale. Ga ɗan kasuwar da ke jiran kuɗin hatsinsa domin ya biya manoma kafin kasuwa ta tashi, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Lambar BVN da aka ƙaddamar a 2014, da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, kowacce mai alƙaluma 11, suna yin aiki ne irin na lambar mai saye a jadawalin dillali. Su ne ke haɗa bayanan mutum guda da ke warwatse a rumbuna daban-daban.

Rasuwarsa

Edgar Codd ya rasu ne a ranar 18 ga watan Afrilun 2003 a gidansa da ke jihar Florida, sakamakon ciwon zuciya, yana da shekara 79. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu.

A 2004 ƙungiyar masana rumbunan bayanai ta sanya wa babbar lambar yabonta sunansa. Charles Bachman kuwa ya rayu har zuwa 2017.

A ƙarshen shekarun 2000 wasu manyan kamfanonin intanet sun juya wa tsarin jadawali baya, suna cewa ba zai iya ɗaukar yawan bayanansu ba. Amma daga baya da dama daga cikin sababbin rumbunan da aka gina sun dawo sun koyi SQL.

A yau kowace wayar Android ko iPhone na ɗauke da wani ɗan ƙaramin rumbu mai suna SQLite, wanda manhajoji irin su WhatsApp ke ajiye saƙonni a cikinsa. Ma'ana, manomi a Zurmi da ke neman wani tsohon saƙo a wayarsa, da tsarin Codd yake aiki.

Su kuwa ɗaliban kimiyyar kwamfuta a manyan makarantun Najeriya, ciki har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda wadda aka kafa a 1983, ƙa'idojin tsara jadawali da ya shimfiɗa na cikin abubuwan da ake sa ran su ƙware a kai. Wasu daga cikinsu ne za su gaji aikin kwashe bayanan bankuna da asibitoci da ofisoshin gwamnati daga tsofaffin ma'ajiyai zuwa sababbi.